Ramuka a Azarar Puang Haji

Gidan marigayi Puang Haji Mappangara bai yi nisa da inda aka ɗaga shi ba sai muka ji ƙara daga ƙarƙashinsa, kamar an taka busasshen kara. Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Gidan katako ne a kan ginshiƙai, irin namu. Mazan ƙauyenmu duk sun sa kafaɗa a ƙarƙashin gorar da aka gitta, za su kai gidan bakin hanya, don kogi ya ci gaɓa har ya kusa ginshiƙan baya. Mu mata muna gindin mangwaro muna juya miya. Ina ɗago kai na ga gidan ya karkata ta gabas ya durƙusa, maza suna watsewa. Da hayaniya ta lafa, sai ga La Sinring kwance, ginshiƙi a kan ƙafarsa.

Ana tafiya da shi asibitin gari, Panre Kaseng ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin gidan. Shi ne magininmu, shi ke duba kowane gida kafin a ɗaga, shi kuma ke ba da murya in za a ɗauka. Tabarmar gora da aka buga a ƙasan daɓen katakon ta yage, azarun da ke ɗauke da daɓen a wannan kusurwa sun karye, kuma kowacce a kan rami ta karye. Wani ne ya huda su, ya toshe ramukan da guntayen itace, ya shafe da baƙin tukunya don kada ido ya kai.

Kafin miyarmu ta huce an riga an sami mai laifi. Mas Tukijan mai gyaran famfo mutumin tsibirin Jawa ne, ya daɗe a cikinmu har 'ya'yansa sun fi namu iya zagi da yarenmu, amma a ranar kowa ya tuna baƙo ne. Shi kaɗai ke da injin huda katako. Shi ya ja wa gidan ruwa. Wani ya tuno ranar da Puang Haji ya tsinka shi a gaban jama'a don ya bi da bututu kusa da ginshiƙin tsakiya, cibiyar gida, ya sa shi ya kwance aikin duka. Wata kuma ta ce ita da idonta ta ga ya zaɓi kusurwar yamma da aka zo ɗauka, nesa da inda ya karye. Ni ma, gaskiya, na ce biri ya yi kama da mutum.

Daeng Marola, yayan La Sinring, bai tsaya jin sauran ba. Ya zaro badik, wuƙar gado, daga ƙugunsa, kuma kowa ya san wuƙar nan ba ta fita ta koma gidanta haka nan. Da ƙyar aka rirriƙe shi. Mai unguwa ya roƙi a ba mijina zuwa la'asar ɗin gobe ya duba al'amarin, kafin nan Tukijan ya zauna a gidanmu. Marola ya ce ya yarda, amma in la'asar ta yi ba a nuna masa wani ba, kada kowa ya sake shiga tsakaninsa da mutumin Jawa.

Mijina Ambo Rappe mai bin sawu ne. In an sace saniya ko aladen daji sun shiga gona, shi ake kira. Mutum ne da zai gaya maka akuyar da ta wuce jiya gurguwa ce, amma kullum sai na nemo masa hularsa a ɗaki. Na ce masa katako ba laka ba ne, wane sawu zai gani a kai? Ya ce in dafa wa baƙonmu shayi.

*

Tukijan na zaune a ƙuryar ɗakinmu, gwiwa a ƙirji. Shayin ya huce bai taɓa ba. Ambo Rappe ya sa aka kawo injin daga gidan Tukijan, ya miƙa masa wani guntun katako, ya ce ya huda masa. Ya karɓa ya huda. Injin ya yi kukan da ya kori kajina daga ƙarƙashin gida, ramin ya fito sumul, fari tas. Mijina ya juya katakon, ya hura, ya sa a aljihu.

Ya tambaye shi aikin da ya yi wa Puang Haji. Tukijan ya ce bututu ɗaya ne daga rijiya zuwa kicin, kuma rataye shi ya yi da ƙarfe a ƙarƙashin azara, kamar yadda yake yi a kowane gida. Ya ce ko a Jawa ba a huda abin da ke ɗauke da nauyin mutane sai an yi shawara da magini. Batun kusurwar yamma kuwa, can inuwa take, shi ya sa ya tsaya.

"Ka ji haushin Puang Haji?" in ji mijina.

"Na ji, Ambo. Har na yi rantsuwa ba zan sake taka gidansa ba. Da ya rasu kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa."

Da magariba labari ya zo daga gari cewa an yanke wa La Sinring ƙafa daga gwiwa. Matar Tukijan ta aiko a gaya masa ta fara ɗaure kaya, samari suna ta kai-komo a gaban gidansu. Na leƙa ta taga na ga biyu daga cikin ƙannen Marola zaune a kan dutsen bakin hanyarmu, suna shan taba, idonsu a kan matakalarmu. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

*

Da safe Ambo Rappe ya ce in raka shi, wai ni na iya jan mutane da surutu. Muka fara da Panre Kaseng. Muka same shi yana wasa gizago a ƙarƙashin gidansa, bai ko ɗago ba. Mijina ya tambaye shi yadda ya duba gidan kafin a ɗaga. Ya ce yadda ya saba, da guduma, ginshiƙi bayan ginshiƙi, azara bayan azara, yana sauraron amon itace.

"Har kusurwar gabas?"

Tsohon ya ci gaba da wasa gizagonsa. Can ya ce ya duba abin da ya kamata ya duba. Mijina ya sake tambaya, ko ya ɗaga tabarmar da ke wurin? Sai Panre ya ce ya ɗauka an aiko mijina neman wanda ya huda katako ne, ba koya wa magini aiki ba.

Muna fita na ce shi ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana buga katako, a ce ya tsallake kusurwa guda? Ruwa ba ya tsami banza. Na tuna masa har da cewa Panre ya so a kwance gidan ne a sake haɗawa, aka ƙi shawararsa. Ambo Rappe ya ce in da ni ke bin sawu, da an daɗe da ɗaure rabin ƙauyen.

Daga nan muka je wurin Andi Uleng, 'yar Puang Haji, wadda ta gaji gidan. Ba ta taɓa aure ba, ita ta yi jinyar tsohon har ya cika. Ta kwana a gidan maƙwabta, kayanta na tare a gindin mangwaro an rufe da leda. Duk da haka sai da ta dafa mana shayi, ta kawo barongko, kwaɓin ayaba da ake turarawa a ganye, a faranti, don jinin sarauta ko a bakin hanya yake ba ya barin baƙo haka. Mijina ya zauna ƙasa da ita kamar yadda ya dace, yana kiranta Puang, lakabin masu sarauta.

Ya ce, "Puang, wa ya buga tabarmar nan ta ƙarƙashin daɓe?"

Ta ce ita ta buga da hannunta, don kada datti ya riƙa zubo wa baƙin mahaifinta in suna zaune a ƙasa. Ya tambaye ta ko tana zargin Tukijan. Ta ce ita ba ta zargin kowa. Ya tambaye ta ko tana ganin ba shi ba ne. Ta gyara mayafinta, ta ce Allah ne masani. Sai ta juyo gare ni ta tambayi jikin La Sinring, ko yana iya magana, ko matarsa na wurinsa. Da na ce an yanke ƙafar, faranti ya kusa suɓuce mata. Na ɗauka tausayi ne kawai, don duk ƙauyen an san ta da taushin zuciya.

*

Rana ta take muka shiga ƙarƙashin gidan da ya durƙusa, an tokare shi da kututturan kwakwa. Ambo Rappe ya yaye sauran tabarmar. Ashe ramukan ba su tsaya a azarun da suka karye ba, sun ci gaba har ƙarshen gidan ta baya, kowace azara da nata. Ya daɗe yana kallonsu, kansa a karkace, yadda yake yi in ya tsaya a bakin gona. Sai ya ce in miƙo masa doguwar gora. Ya jera ta a jikin ramukan, ya ce in ja baya in gaya masa abin da na gani.

Gorar ba ta miƙe daidai da daɓe ba. Ramin farko yana can sama, dab da katakon daɓe, na biye ya ɗan sauko, haka har na ƙarshe da ya kusa fita ta ƙasan azara.

"Mai son karya gida ba ruwansa da gangare, Ndi," in ji shi, don haka yake kirana. "Ruwa ne ke son gangare."

Ya fita, na bi shi, muka koma tsohon filin gidan inda duwatsun ginshiƙai ke nan a jere. Ya tsaya inda kusurwar gabas take a da, ya taka zuwa baya yana bin layin da gorar ta nuna. A inda ya tsaya akwai wani tsibin gwaza da ya fi na kewaye tsayi da duhun ganye. Ya tona gindin da sanda, sai ga rami cike da tsakuwa da gawayi, irin wanda ake yi don ruwa ya nutse kada ya yi wari.

Muka dawo. Ya bugi ɗaya daga cikin toshiyar ta faɗo, ya zura yatsa ya zaro shi baƙi ƙirin. Ya fito da katakon Tukijan daga aljihu ya ajiye kusa. Wancan fari, sumul. Wannan kuwa bakinsa duk tsaga-tsaga, ƙananan ramuka ne da yawa aka haɗe suka zama ɗaya, cikinsu duk ƙuna. Ya miƙo mini yatsan na shinshina. Ban buƙaci bayani ba. Haka muke huda ƙoƙon kwakwa in za mu yi ludayi, a sa ƙarfe a murhu ya yi ja, a danna.

Ya ce, "Wa zai bar inji a ƙauye ya zauna yana huda azara da wuta?"

"Wanda ba ya so a ji ƙara," na ce. Ina faɗa na ɗaga kai na dubi inda ramin farko yake. Duk wanda ya taɓa hawa gidan nan ya san ɗakin wa ke saman wurin. Na yi jinyar uwata, na san abin da ke sa a nemi hanyar ruwa daga ɗakin tsoho.

Na roƙe shi ya bar kaza cikin gashinta. Na ce ya ce gara ce, ko ya ce bai gano ba, mu fitar da Tukijan ta kogi ya tsira da ransa. Puang Haji ya mutu da mutuncinsa, 'yarsa ba ta da kowa. Ambo Rappe ya goge yatsansa a zani, ya ce to Tukijan fa, shi nasa mutuncin a kogi za mu zuba? Na ji haushinsa don ya fi ni gaskiya.

*

Bayan la'asar jama'a suka taru a gaban gidan. Mai unguwa ya zaunar da Tukijan a gefensa. Panre Kaseng na kan wani kututture, Andi Uleng kuwa an kawo mata kujera. Marola ya ƙi zama. Ya dawo daga asibiti ke nan, idonsa ja, badik ɗin a hannu ba kube.

Ambo Rappe bai yi dogon jawabi ba. Ya miƙa katakon Tukijan da guntun azarar da ta karye aka zagaya da su hannu zuwa hannu, ya ce kowa ya shinshina. Ya nuna musu gorar da gangarenta. Ya ce wannan ba aikin inji ba ne, kuma ba aikin maƙiyi ba ne, hanyar bututu ce da aka yi a ɓoye, daga baya aka zare bututun aka toshe. Wani ya yi tsaki daga baya, ya ce mai gyaran famfo ai ya iya hura wuta.

"To waye?" in ji Marola.

"Na bi sawu, Daeng, ya kai ni ƙofar wani ɗaki. Ni ba na shiga ɗakin mutane. Mai ɗakin yana nan, yana jina."

Na saci kallon Andi Uleng, idonta na kan hannayenta. Marola ya jira, ya dubi wannan ya dubi wancan, sai ya ce ƙaninsa ba ƙafa, shi kuma an tsayar da shi ana yi masa tatsuniya. Ya nufi Tukijan. Mai unguwa ya miƙe, amma na ga ƙafarsa baya take ja. Tukijan ko motsi bai yi ba, ya rufe ido kawai.

"Ni ce, Daeng Marola."

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ta miƙe tana riƙe da bayan kujera. Ta ce a shekarunsa na ƙarshe mahaifinta ya kasa riƙe fitsari. Mutumin da ya ja su salla, wanda ake sumbatar hannunsa ranar idi, ta same shi yana kuka a kan jiƙaƙƙiyar tabarma, ya sa ta yi alkawarin ba wanda zai sani. Ta so ta yi masa wurin wanki a kusurwar ɗakinsa. In ta kira Tukijan, zai rataye bututu a fili, daidai inda maza ke zaman hira, kowa ya ɗaga kai ya karanta. Sai ta sayo bututu a gari ta naɗe cikin tabarma. Lokacin girbin shinkafa, da ƙauye ya watse gona, ta riƙa ɗaga katakon daɓe tana huda azara da ƙarfen murhu. Da ya rasu ta zare, ta toshe, ta mayar da tabarma.

"Na ce itace ne mai ƙarfi, zai ɗauka. Jiya da Panre ya ɗaga hannu zai ba da murya, na buɗe baki. Sai na ga duk ƙauye a tsaye, na haɗiye maganar." Ta juya wajen Tukijan, amma ta kasa kallonsa. "Da aka ɗora maka laifi ma na yi shiru, Mas. Wannan ya fi na farko muni."

Panre Kaseng ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu," in ji shi. "Puang, ai mun sani. Tun da ya daina zuwa sahun gaba mu tsofaffi muka gane. Shi ya sa muka bar hawa sama, muke gaishe shi daga matakala, don kada ya ji nauyinmu. Da na zo duba gida na ga tabarma a ƙarƙashin ɗakinsa, na ce abin da aka rufe a wannan wuri ba na idona ba ne. Ban buga wurin da guduma ba. Ramukan ne ban sani ba."

"Kun sani?" ta ce.

Liman ya sunkuyar da kai, haka sauran dattawan. Andi Uleng ta saki kujerar ta zauna a ƙasa, a kan turɓaya, a gaban talakawan ubanta. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, kuma ban so na gani ba. Na je na durƙusa kusa da ita don kada ta zauna ita kaɗai.

Marola ya daɗe a tsaye da wuƙa a hannu. Ya dubi matar da ke ƙasa, ya dubi tsohon da ke murza hula. Sai ya juya ya soka badik ɗin a jikin karyayyar azara da ƙarfin da ya sa gidan ya girgiza, ya bar ta a nan, ya kama hanyar gari.

Mai unguwa ya yi gyaran murya, ya dafa kafaɗar Tukijan, ya ce to Mas, an wanke ka, sai ka koma gida, a yi haƙuri, ɓacin rai ne. Mutane suka fara cewa ai su dama ba su yarda ba. Matar da ta gan shi a kusurwar yamma ta fi kowa faɗa.

Tukijan ya miƙe a hankali. Bai dubi Andi Uleng ba, dattawan ya duba.

"Shekara da shekaru kun san ciwon mutum, kuka rufa masa asiri, har kuna gaishe shi daga matakala. Na ji daɗin jin haka, wallahi. Ni ma na ɗauka ina cikinku." Ya karkaɗe wandonsa. "Da ba ta yi magana ba fa?"

Ya jira. Mai unguwa ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa.

Ba wanda ya kore shi. Dattawa sun je har gidansa ba da haƙuri, ya karɓe su hannu biyu, matarsa ta dafa musu shayi a cikin kofunan da ta kwance daga kaya, suna fita ta wanke ta mayar. Juma'a ba ta zagayo ba suka hau motar gari. Famfon masallacinmu yana ɗiga har yau, duk wanda ya zo alwala sai ya murɗa shi da ƙarfi, ya kawar da kai.